Shanyar Furen Sukari a Rafin Guza

Shekaru talatin da suka wuce, idan aka sa ranar biki a Rafin Guza, aikin kayan zaƙi yakan kankama tun da sauran makonni. Gwaggonnin amarya da innoninta sukan hallara a tsakar gida, a ɓarza alkama a kwaɓa a bar ta ta kwana don alkaki, a daka shinkafa a soya garinta don nakiya, a murza dubulan da kwalba, yara kuma a ba su yankan cincin. Abin da aka gama sai a jera shi a fanteka da kwalla, a rufe, a tura ƙarƙashin gado har ranar kai gara. Babu mai fargabar lalacewa, domin kaya ne masu jure ajiya. Alkaki yakan yi makonni da daɗinsa, nakiya kuwa takan yi watanni, har amarya ta saba da gidan miji tana ɗiba tana ba baƙi.

Yau ma ana kai gara, amma idon 'yan biki ya koma kan wani abu daban. Kek ne mai hawa biyu ko uku, an lulluɓe shi da farin mayafin sukari sumul, an dasa masa furanni, an kafa sunan ango da amarya a samansa. Wannan mayafi shi ne fondan, kuma da shi ake ƙera yawancin adon. Ba sai an shiga cikin gari ba kafin a samu mai yi. Daga Rafin Guza zuwa Kawo, Unguwar Dosa, Hayin Banki da Badarawa, matan aure da 'yan mata da dama sun mai da ɗakin girkinsu wurin sana'a. Duk inda suka haɗu kuwa, a ajin koyo ko a shagon kayan kek, tambaya ɗaya ce ba ta ƙarewa: yaya za a yi ado ya bushe da wuri? Na daɗe ina jin wannan tambaya, kuma a ganina ta ƙunshi labarin sauyin da muka shiga. Kayan aiki sabo ne, saurin rayuwa sabo ne, amma iskar da za ta busar da adon ita ce dai iskar Kaduna ta kaka da kakanni, wadda iyayenmu suka san halinta ciki da bai.

Kek ya daɗe a garin nan, sai dai a da iri biyu ne. Akwai na manya, wanda ake gani a otal irin Hamdala da Durbar, ko a manyan kantunan titin Ahmadu Bello, ko a bikin 'yan boko. Akwai kuma na gida, wanda 'yan mata suka koyo a darasin girki na makarantun kwana suka kawo wa unguwa. A buga bota da sukari da muciya har hannu ya gaji, a fasa ƙwai, a zuba fulawa, a rarraba a gwangwanin madara ko na kifi. Sai a shimfiɗa yashi a babbar tukunya, a jera gwangwanayen, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfi. Kek ɗin Sallah ke nan, wanda ake haɗawa da cincin a aika gidan surukai. Ba shi da ado ko kaɗan, laushinsa da ƙamshinsa ake yabo. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, fulawa ta yi wuya, har wannan ɗan kek ɗin ya zama abin marmari a gidaje da yawa, kafin a ɗage hanin a 1992.

Idan aka ga ado a kek a wancan lokaci, to galibi na farin ƙwai ne da garin sukari, wanda ake matsawa ta bakin ƙoƙon takarda, ya bushe ya yi tauri. Wannan salo na Ingila ne, kuma ya yi suna tun bikin Sarauniya Biktoriya a 1840, lokacin da aka lulluɓe kek ɗin aurenta da shi fari fat. Fondan da ake murzawa a shimfiɗa ya zo ne daga baya. Masu adon kek na Ostireliya da Afirka ta Kudu ne suka fara shahara da shi, kafin ya mamaye Ingila da Amurka a ƙarshen ƙarni na 20. Mu kuma ta allo ya iso mana. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, YouTube ya buɗe a 2005, shirin Cake Boss ya fara a talabijin ɗin Amurka a 2009, Instagram ya biyo baya a 2010. Cikin 'yan shekaru, hoton da amaryar Dubai ke kallo shi ne amaryar Kawo ke kallo, kuma ita ma irinsa take so.

Wannan sabon salon kek ya faɗo ne a kan gaɓa. Masaƙun Kakuri da suka ciyar da dubban gidaje tun daga 1957 sun yi ta rufewa a farkon shekarun 2000, albashi ɗaya ya daina riƙe gida, mata suka ƙara ɗaura ɗamara. Sana'a daga cikin gida kuwa gadon Bahaushiya ce: fura, ƙosai, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, ɗinkin hula. Abin da ya canza shi ne hanyar kaiwa kasuwa. Da yarinya ce ke ɗaukar tire ta zaga unguwa. Yanzu hoto ake ɗorawa a waya, a yi ciniki a WhatsApp, a turo kuɗi ta banki, mai keke ya zo ya ɗauka. Duk abin da za a faɗa game da wannan zamani, ina ganin alheri ne babba a ce waya ta karɓi talla daga kan yarinya, ita kuma ta tafi makaranta.

Fondan na roba da ake shigowa da shi daga waje ya yi wa yawancin masu sana'ar tsada, musamman tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023. Don haka mafi yawa a gida suke kwaɓa nasu. Kayan haɗin ba su da yawa: garin sukari mai laushi da ake kira ayisin shuga, jelatin da aka jiƙa aka narkar, glukos mai kauri, gilisarin, ɗan farin mai, da ɗan ruwa. Kowanne da aikinsa. Jelatin ne ke riƙe jikin kwaɓin, glukos na ba shi danƙo, mai na hana shi mannewa a hannu, gilisarin kuma na riƙe danshi don kada ya tsage yayin da ake lulluɓa shi a kan kek. A nan matsalar take. An tsara fondan ne don ya daɗe da laushi, a yanka shi da wuƙa ba wahala. Mai son ta yi fure mai tsayuwa, ko harafi, ko kambi, ko ƙaramin allo na kek ɗin saukar Alƙur'ani, tana neman taurin da kwaɓin bai zo da shi ba.

Bushewa kuwa fitar ruwa ce daga cikin kwaɓi zuwa cikin iska, kuma iska ba ta karɓar ruwa sai in tana da wurin sa shi. Sukari abu ne mai janyo danshi. Idan laimar iska ta kai wajen kashi 85 cikin 100, sukari zalla ma yakan fara jiƙewa da kansa, glukos da gilisarin kuwa tun kafin nan suke fara sha. A Kaduna, cikin watan Agusta, laima takan kai kashi 80 ko ta wuce. A Janairu takan sauka ƙasa da kashi 30. Ke nan kwaɓi ɗaya, hannu ɗaya, ɗaki ɗaya, amma sakamako biyu. Furen da ya bushe cikin yini guda da hunturu zai iya kwana uku da marka yana nan lagwai-lagwai, har ya fara ƙyalli yana sunkuyar da kai.

Mutumin Rafin Guza ya fi kowa sanin wannan. Unguwar na gefen kogin Kaduna ne, kuma idan damina ta yi nisa ruwa kan tumbatsa ya shiga gidajen da ke kwari. Ko a gidan da ruwa bai shiga ba, bango yakan yi sanyi, gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya kwana biyu a igiya. A irin wannan ɗaki ne mace za ta zauna tana murza ganyen fure siriri, an ce mata jibi ne biki. Yawancin masu koyarwar da take kallo a waya suna aiki ne a ɗaki mai na'urar sanyaya iska da ba ta tsayawa, na'urar da ke tsotse danshin ɗaki ba tare da an lura ba. Idan ta bi ma'auninsu sau da ƙafa abu ya ƙi, sai ta ɗauka hannunta ne bai iya ba, alhali bambancin iska ne.

Waɗanda suka daɗe a sana'ar sun gano cewa saurin bushewa tun daga kwaɓi ake neman sa. Sukan raba kwaɓin biyu, na lulluɓi daban, na ado daban. Na ado a rage masa gilisarin ko a cire gaba ɗaya, a rage mai, sannan a murza masa garin CMC, wajen ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu ga rabin kilo, a naɗe a leda a bar shi ya huta kafin a fara aiki. CMC gari ne da ake sarrafawa daga jikin itace ko auduga, yana kama ruwan da ke cikin kwaɓi, ya ba shi ƙarfin da za a murza shi siriri ba ya yagewa, in ya bushe kuma ya tsaya. Kafin zuwansa, masu adon sukari na Turai da wani ƙaro suke aiki mai suna tiragakan, wanda ake samu daga wani ɗan itace a Iran da Turkiyya. Yana da tsada, kuma sai ya kwana a kwaɓi kafin ya nuna aikinsa. Don abin da ake so ya miƙe ƙyam, irin haruffa da ginshiƙai, akwai kwaɓin fastilej, wanda babu gilisarin babu mai a cikinsa, kuma shi ya fi jure damina. Launi ma yana da tasiri. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu suna cin kala mai yawa, kalar kuma ruwa-ruwa ce, don haka sukan fi fari daɗewa. Mai dabara takan yi furen da farin kwaɓi ko mai haske, in ya bushe ta goga masa kalar gari da buroshi.

Sai kauri. Ruwan da ke tsakiyar kwaɓi tafiya yake yi zuwa fatar waje kafin ya fita, kuma idan kauri ya ninka, lokacin bushewa ya fi ninki. Shi ya sa ake murza ganyen fure har ya kusa nuna inuwar yatsa. Abu mai jiki, kamar ƙwallo ko ƙaramar ƙwarya, ba a yin sa cunkus. Akan yi shi da rami a ciki, ko a lulluɓa siririn kwaɓi a bayan ƙaramin kofi da aka barbaɗa wa garin masara, in ya kama jikinsa a zare. Haka kuma akan yi gaɓa-gaɓa, kowace ta bushe ita kaɗai, daga baya a haɗa.

Bayan wannan sai iska. Ado da aka ajiye a farantin roba ko na tangaran samansa kawai ke bushewa, ƙasansa na nan a jiƙe. Akan ɗora shi a kan soso mai tsabta, ko takardar gashi da aka barbaɗa wa garin masara, ko rariyar waya, a riƙa juya shi bayan 'yan sa'o'i. Kwalin ƙwai da aka shimfiɗa wa takarda mai tsabta yana ba ganyen fure lanƙwasa mai kyau, iska kuma na ratsa shi. Fanka ita ce babbar abokiyar aiki, domin tana kore jiƙaƙƙiyar iskar da ke kwance a kan adon ta kawo wata. A sa ta a hankali, daga ɗan nesa, a ɗakin da ba a girki a cikinsa, domin tururin tukunya ɗaya ya isa ya mai da aikin yini baya. Ranar da ake ruwa a rufe taga.

Ɗumi yana taimakawa, amma kaɗan ake so. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar ruwa, sai dai jelatin yakan fara saki tun daga wajen digiri 35, man da ke ciki ma ya narke. Mai obin na lantarki takan kunna ƙwan cikinsa kawai, ta sa adon ya kwana. Wadda ba ta da shi takan samu babban kwali, ta huda masa ƙofofi, ta rataya ƙwan lantarki irin na da mai zafi a samansa, nesa da jikin kwalin, ta jera adon a ƙasa, kuma ba ta barinsa a kunne ta fita unguwa. Obin na gas kuwa sai an kula, domin ƙonewar gas kanta tana fitar da tururin ruwa, zafinsa kuma ya wuce kima. Dabarar ita ce a ɗumama shi, a kashe, a jira har mutum ya iya ajiye tafin hannunsa a ciki ba ƙuna, sannan a sa adon a bar ƙofa a ɗan buɗe. Idan aka fito da shi za a ji shi da laushi, kada a taɓa. Sai ya huce taurinsa ke bayyana.

Duk wannan aiki ne na wuta, wuta kuma ta zama abin lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kunna janareto dare guda don furanni goma yana iya cinye ribar kek ɗin gaba ɗaya. Shi ya sa fanka mai caji da 'yar ƙaramar sola suka shiga jerin kayan aikin mai kek, kusa da sikeli da abin murji. Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko sisi. A samu roba mai murfi da ke rufuwa gam, a soya ɗanyar shinkafa sama-sama a busasshen kasko har danshinta ya fita, a bar ta ta huce, a shimfiɗa ta a ƙasan robar, a ɗora takarda, a jera adon da ya riga ya fara kama jikinsa, a rufe. Shinkafar za ta riƙa shan danshin da ke ciki. 'Yan ƙullin silika da ake sayarwa don ajiyar abinci sun fi ta ƙarfi, muddin ba su fashe sun taɓa adon ba.

Akwai hanyoyi biyu da gaggawa ke tura mutum gare su, kuma duka biyun asara ce. Ta farko firji. Sanyi yakan sa kwaɓin ya yi tauri na ɗan lokaci, amma da an fito da shi cikin iskarmu mai ɗumi sai raɓa ta sauka a kansa, ya yi gumi, kala ta zube. Ta biyu rana. Mu mutanen shanya ne, hannu yakan kai ga tabarma da tsakar gida ba tare da tunani ba, amma rana tana kashe launi, tana narkar da kwaɓi, tana gayyato ƙuda da kiyashi. Zafi mai yawa kuma yakan busar da fatar waje ya kulle ruwa a ciki, ado ya yi kamar ya bushe, sai an kafa shi a kan kek ya tsage ko ya lanƙwashe. Mai ginin tukwane ta san wannan tun tuni: a inuwa take barin ɗanyar tukunya ta sha iska a hankali kafin ta kai ta wuta, in ba haka ba ta fashe.

Da hunturu kuwa matsalar takan juya. Iska na zuƙe danshi tun kwaɓin na hannu, kafin a gama murzawa fatarsa ta yi tamoji, gefensa ya tsattsage. A nan akan rage CMC, a ƙara ɗan mai a tafin hannu, a ɗebi kaɗan-kaɗan a bar saura a leda, abin da aka yanka a rufe shi har a zo kansa. Ƙura ma abokiyar gaba ce, farin fure ba ya ɓoye ta, sai a yafa masa siririn mayafi mai tsabta. Ga bazara kuma, Maris da Afrilu, lokacin da zafin gari kaɗai ya isa ya sa kwaɓi ya saki, sai a koma aikin asuba da na dare. Ma'auni uku ke nan a shekara guda, kuma babu littafin Turai da zai rubuta mana su.

Neman sauri bai kamata ya mantar da mu cewa abin nan ciki zai shiga ba, kuma galibi cikin yara. CMC iri biyu ne a kasuwa. Akwai na abinci, akwai wanda ake sayarwa a shagunan sinadarai don haɗa sabulun ruwa. A ido kusan ɗaya suke, na biyun ya fi araha, kuma bai halatta ya kusanci abinci ba. A saya a wurin masu kayan kek, a cikin mazubinsa na asali, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Jelatin ma sai an tambaya, domin ana yin wani daga fata da ƙashin saniya ko kifi, wani kuma daga alade, kuma haka abin yake ga alewar mashmalo da wasu ke narkarwa su yi fondan na gaggawa. Musulmar da za ta ciyar da jama'a hakkinta ne ta tabbatar da alamar halal. Wayar da ake ɗaure fure da ita, da tsinken da ke riƙe harafi, kada a soka su tsirara a cikin kek, kuma a gaya wa mai biki inda suke kafin a yanka. Amana ce, kuma ita ce jarin da ya fi obin tsada.

Wani abu da ke faranta mini rai shi ne ganin kayan gida na shiga sana'ar. Ƙaron da almajiri ke jiƙawa ya haɗa tawada, wanda ake tsinka a dazukan Borno, Yobe da Jigawa, Nijeriya na cikin manyan masu fitar da shi a duniya tare da Sudan da Chadi. Idan aka samu tataccensa na abinci aka narkar da shi a ruwan ɗumi, yana manne ganyen fure da juna, yana kuma ba ado ƙyalli. Ba ya maye gurbin CMC a cikin kwaɓi, amma a matsayin gam ya wadatar. Zanen ma ya fara komawa gida. Ana ganin kek mai zanen lalle, mai siffar akwatin lefe, mai hula da carbi, mai dagin Arewa. Sanin halin sukari ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Masu alewa sun san ranar da za ta ja ta yi fari da ranar da za ta narke a tire, masu dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi sun san cewa da rani ake aikinta. Ilimin yana nan, sai dai ba a cika haɗa shi da sabuwar sana'ar ba, saboda ana ganin wannan na gargajiya ne, wancan na zamani.

Idan aka bi diddigi, yawancin wannan gaggawa daga wajen mai saye take tasowa. Waya ta koya mana cewa abin da ido ya gani yanzu, hannu zai iya riƙe shi gobe. Saƙo zai shigo bayan isha'i da hoton kek mai furanni ashirin: "Anti, don Allah a taimaka, gobe da la'asar ne walimar." Mai sana'a na tsoron kada ciniki ya wuce ta, sai ta karɓa, ta kwana a zaune gaban fanka. Waɗanda suka ƙware sun koyi amsa cikin mutunci: "Hajiya, wannan furen sai ya kwana uku kafin ya tsaya, ga shi damina ce. In kin yarda in yi miki wani adon da zai yi kyau a goben." Mai saye na iya ɓata rai a ranar, amma ita ce za ta dawo, domin ba a taɓa kai mata kek da fure a kwance ba.

Waɗannan ƙwararru kuma ba su jira sai an yi oda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da hunturu, lokacin da iska ke aiki kyauta, sukan zauna su yi fararen furanni, ganyaye, lambobi da haruffa masu yawa, su busar da su sarai, su jera a robobi masu murfi da shinkafa ko silika, nesa da haske. Adon da ya bushe da kyau yakan yi watanni. Idan oda ta zo da marka, kala kawai za a goga a kafa, kuma sai dab da fita ake kafawa, domin danshin kek da na bota yana sake jiƙa shi. A nan ne sabuwar sana'a ta koma kan turbar masu gara, waɗanda suka san cewa aikin biki tun kafin biki ake gama shi.

Ba na cikin masu kukan cewa kek ya ɓata al'ada. Zamani riga ne, kuma wannan sana'a ta biya kuɗin makaranta, ta sayi magani, ta rufa wa gidaje asiri. Damuwata ita ce yadda ake koyar da ita. Akan tara 'yan mata mako biyu, a ba su ma'aunin da aka kwafo daga ƙasar da ba ta san marka ba balle hunturu, a ba su takardar shaida, su koma gida su yi ta asarar sukari mai tsada suna zargin kansu. Masu koyarwa a Kaduna, daga azuzuwan cikin gida har sashen koyon girki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, su ne ya kamata su gwada, su auna, su rubuta da Hausa: ga haɗin damina, ga na hunturu, ga na bazara, ga kwanakin da kowane ado ke bukata a kowane lokaci. A koyar da dalili tare da ma'auni, domin wadda ta fahimci abin da ke tsakanin sukari da laima za ta iya gyara kwaɓinta ko da wane irin gari aka wayi. A kuma ware rana a cikin darasin a gayyato tsofaffin da suka iya alkaki da nakiya da alewa, tun suna raye, su koyar da hannunsu. Mu kuma masu saye, mu ba masu yi mana aiki lokaci. Ranar biki ba ta zuwa ba zato, da watanni ake sa ta. Wanda ya iya kai wa tela ɗinki tun da sauran wata guda, zai iya sanar da mai kek tun da sauran mako biyu, ya biya ta hakkinta cikakke, ya bar ta ta yi aikin da za ta yi alfahari da shi.